Nazarin lamari: bindigar iska mai tukunya da lissafin harbinta ya rikice a wani sito na Garwa

Bindigar ta wani Alhaji ce mai fataucin hatsi a Garwa, a Arewacin Kamaru. Yana da sito a bayan gari, dogon gini na bulo da rufin kwano, inda yake jibge masara da gyaɗar da yake sarowa daga Ngong da Pitowa har farashi ya ɗaga. Ɓeraye da gafiyoyi sun addabe shi. Ya ƙi sa guba, kuma na ga gaskiyarsa, domin ba a zuba guba kusa da abin da mutane za su ci. Tarko yana kama ƙanana, manyan kuwa sun gane shi. Sai ya sayi bindigar iska, ba irin wadda ake karyawa a ɗana ba, irin mai tukunya a ƙarƙashin bututu, wadda ake cika wa iska da famfon hannu tun kafin a fara harbi. Ƙirar Turkiyya ce, bakinta milimita 5.5, gidan harsashinta na cin ƙwaya goma. Tukunyar ta ƙarfe ce, cikinta santimita kubik 180, an buga mata bar 200 (bar shi ne ma'aunin matsin iska) a jiki a matsayin iyaka. Ba ta da regileta, wato na'urar da ke daidaita matsin iskar kowane harbi. Kafin ya saya ya je ya ji matsayinta a wurin hukuma, tunda akwai dokar makamai ta Disamban 2016, kuma bindigar ba ta barin siton. A Arewacin Kamaru na yau mai hankali ba ya yawo da abu mai siffar bindiga.

Wanda ke riƙe da ita Baba maigadi ne, dattijo, tsohon maharbi da ya yi ƙuruciyarsa da harba-ka-ruga. Ni sana'ata gyaran firij da na'urar sanyaya ɗaki, matsin iska da yoyo da robobi su ne aikina na kullum. Dalilin da Alhaji ya kira ni ke nan.

Koken da aka kawo

Shekarar farko babu wanda ya yi kuka. Da hunturun shekara ta biyu ya shigo, Baba ya fara cewa bindiga tana cin iska. Zai cika ta da la'asar har allurar agogon matsi ta hau 200, asuba ta yi ya tarar ta sauko ƙasa da 170 alhali ko harbi ɗaya bai yi ba. Da can cika ɗaya tana ba shi gidan harsashi uku da rabi, yanzu da ƙyar yake gama biyu kafin harsashi ya fara faɗuwa ƙasa.

Da bazara ta kama sai kukan ya juye. Tukunya cike, allura har ta wuce iyaka, amma harbin farko ba ƙarfi, ƙarar ma a shaƙe. Ya saita kan gafiya, harsashi ya same ta a ƙirji ko a ƙafa, ta ja jiki ta shige tsakanin buhuna ta mutu a can, sai wari ya tona inda take. In ya yi harbi goma sha wani abu sai bindigar ta farka, ta koma kamar sabuwa.

Alhaji ya riga ya yanke hukunci. Ya ce mini: "Malam, wannan ta gaji. Ka duba, in ba ta gyaruwa a kai ta kasuwa a sayo wata."

Abin da ya sa na rubuta wannan lamari shi ne, kuka ɗaya aka kawo, amma abubuwa uku ne suka hau kan juna, kuma maganin da aka yi wa na farko shi ya haifi na biyu. Wanda bai raba su ba zai yi ta canza kaya har kuɗinsa ya ƙare.

Yadda irin wannan bindiga take sakin iska

Sai an gane wannan sannan sauran bayanin zai zauna. A gindin tukunya akwai bawul, iskar da ke ciki ita ce ke danne shi a rufe. In an ja kunama, wata 'yar guduma da sifirin ke turawa ta bugi sandar bawul ɗin, ya buɗe na ɗan lokaci ƙanƙani, iska ta bi bayan harsashi, sannan matsin da ke ciki ya sake rufe shi. Ƙarfin bugun gudumar ɗaya ne kullum, sifirin ba ya sanin abin da ke cikin tukunya. Abin da yake canzawa shi ne nauyin da ke danne bawul. A ce faɗin bakin bawul milimita 6 ne. A bar 200, iskar na danne shi da nauyin da ya kai kilo 58. A bar 250 ya haura kilo 70. A bar 120 bai wuce kilo 35 ba.

Saboda haka in tukunya ta cika sosai, bawul ɗin ɗan buɗewa kawai yake yi, iska mai ƙarfi ce ke fita amma kaɗan. In matsi ya sauko, bawul ya ƙara buɗewa ya ƙara daɗewa, iskar ba ta kai ta farko ƙarfi ba amma ta fi yawa. Akwai wani tsakani inda raguwar ƙarfi da ƙaruwar yawa suke biyan juna, gudun harsashi ya tsaya kusan wuri ɗaya. Wannan tsakanin shi ne dukiyar bindigar. Sama da shi harbi na da rauni, ƙasa da shi harbi na da rauni kuma ga ɓarnar iska. In maharbi ya tambayi harbi nawa bindiga take yi, amsar da ke da amfani ita ce harbi nawa take yi a cikin wannan tsakanin. Harbin da ke fita bayan haka ƙara ce kawai.

Abin da na tarar a siton

Na je da rana tsaka a watan Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke kai digiri 40 a inuwa. Bindigar na rataye a ƙusa can sama kusa da kwano, tukunyar ba ta taɓuwa da daɗi. Allura ta kusa 250. Na sauke ta, na kwantar da ita a ƙasa inda ke da sanyi, bakinta na kallon bango, na ce kowa ya bar ta ta huce. Af, agogon irin wannan bindiga a ƙarshen tukunya yake, daidai ƙarƙashin baki. Mai son karanta shi sai ya kawo fuskarsa kusa da inda harsashi ke fita. Na nuna wa Baba ya riƙa cire gidan harsashi, ya tabbatar ba komai a bututu, sannan ya leƙa daga gefe.

Na tambaye shi: "Baba, nawa kake cika ta?"

Ya ce: "Ɗana, tun da ta fara cin iska nake ƙara mata. In kai ta ɗari biyu da talatin da sassafe, don ko ta ci, a samu saura."

A hankalin maharbin da ya saba da albarushi wannan daidai ne, ƙarin gari ƙarin ƙarfi. A nan kuwa akasin haka ne. Ya cika 230 da sanyin safiya, kwano ya gasa ta ya ƙara mata kusan 20. Da ta huce muka gwada ta a na'urar auna gudun harsashi, 'yar ƙarama da ake ɗaurawa a bakin bututu. Harbin farko bai kai mita 220 a daƙiƙa ba. Kowane harbi na ɗan ɗara na baya, har sai da allura ta sauko wajen 190 sannan gudun ya zauna kusa da 255.

Ga abin da wannan bambanci ke yi wa saiti. Daga inda Baba ke zama zuwa ƙarshen siton kusan mita 30 ne. Harsashin da ya tashi da gudun mita 260 a daƙiƙa zai yi ƙasa da kamar santimita 7 kafin ya isa. Wanda ya tashi da 220 zai yi ƙasa da kamar 10. Santimita ukun nan su ne tsakanin kan gafiya da ƙirjinta. Wannan ya dame ni fiye da asarar iska. Ko dabbar da aka halatta kashewa, addini ya ce a kyautata kisan, ba a bar ta tana jan ciki ba.

Kukan bazara ya warware ke nan, cikawa ce ta wuce kima. Saura a gano abin da ya sa Baba ya fara ƙarawa tun farko.

Hunturu da famfo mai zafi

Rabin amsar lissafi ne kawai. Iskar da ke rufe a tukunya matsinta na bin zafinta. Baba yana cikawa da la'asar, a tsaye ɗaya ba hutawa, famfo ya yi zafi, iskar da ke shiga ta yi zafi. A ce tukunya ta kai digiri 45 lokacin da allura ta nuna 200. Asubar Janairu a Garwa kan sauko wajen digiri 17. A lissafin makaranta ana ƙara 273 a kan kowanne, a ninka 200 da 290 a raba da 318, ya ba da 182. A aikace faɗuwar ta fi haka, domin a irin wannan matsi iska ba ta bin lissafin makaranta daidai, kusan bar ɗaya take sauka a kowane digiri. Wato zai wayi gari da wajen 175 ba tare da ko ɗigon iska ya fita ba. Bar 200 ɗin da ya gani jiya na zafi ne, bai taɓa zuba iskar da ta kai haka ba.

Wannan bindiga tana cin kamar bar biyu a kowane harbi. Wanda ya fara daga 175 maimakon 190 ya rasa harbi bakwai ko takwas. Amma Baba ya ce yana tarar da ita ƙasa da 170, kuma in ta kwana biyu ba a taɓa ba tana ƙara sauka. Sanyi ba ya yin haka. Sanyi sau ɗaya yake karɓar nasa, in rana ta fito ya mayar.

Yoyon

Hanyar raba sanyi da yoyo mai sauƙi ce, haƙuri kawai take so. A cika, a bar ta ta kwana, a rubuta abin da allura ta nuna da asuba, washegari a sake karantawa a daidai wannan lokaci. Na sa yaron sito ya riƙa rubutawa da alli a bango. Iska na sacewa kusan bar 10 a kwana.

Wurare uku ne ake zargi: bawul ɗin harbi, ramin cikawa, da gindin agogo. Na ɗaura balan-balan a bakin bututu, in bawul ɗin harbi ne zai kumbura a hankali. Ya ɗan tashi, kaɗan ƙwarai. Na ɗiga ruwan sabulu a gindin agogo, shiru. A ramin cikawa kuwa kumfa ta tashi nan take. Ramin yana da 'yar toshiya da ke hana ƙura shiga, ta ɓata tun kaka ba wanda ya damu. Ƙurar hunturu da ƙaiƙayin masara sun taru a ciki, duk lokacin da aka soka bakin famfo sai a tura su ciki da ƙarfin bar 200. Tsakuwa ƙwaya ɗaya da ido ba ya gani ta isa ta hana bawul ɗin cikawa zama. A aikin firij ma haka ne, yawancin yoyon da ke ba mu wahala daga datti yake, ba daga karyewar ƙarfe ba.

A nan na ga wani abu da ya tayar mini da hankali. Bakin famfon jiƙe yake da man keken ɗinki. Yaron sito ne ya shafa don ya riƙa shiga da sauƙi. Mai irin na fetur, ko na inji ko na keke, in ya haɗu da iskar da aka matse da sauri yana kamawa da wuta da kansa. Da haka injin gas, wato dizal, ke tashi ba tare da fulogi ba, kuma matsin da ke kunna man a cikin injin bai kai rabin na wannan tukunya ba. Abin da ake shafa wa robobin nan giris ɗin silikon ne, shi ma ɗan kaɗan, a kan roba kawai.

Cikin tukunya

Ɗan tashin da balan-balan ya yi bai bar ni na tsaya a ramin cikawa ba. Na sauke iskar gaba ɗaya, na tabbatar ba saura kafin in sa sifana. Ba a wasa da wannan mataki. Tayar mota bar biyu da ɗan wani abu take ɗauka, wannan ta ninka ta kusan sau casa'in. In faɗin cikin tukunya milimita 28 ne, murfinta na ɗauke da fiye da tan ɗaya a bar 200. Wanda ya kwance shi da saura a ciki, murfin ne zai zama harsashi.

Da na haska tocila sai ga tsatsa. Wani wuri ja-ja ne kawai a sama, amma a gefen da ke ƙasa in an kwantar da bindiga akwai layi guda da ƙarfen ya ɓurme, ƙananan ramuka da tsinke ke maƙalewa a ciki. Garin tsatsar ya kai har mazaunin bawul ɗin harbi, shi ne ɗan yoyon da balan-balan ya nuna.

Alhaji ya ce ruwa bai taɓa taɓa ta ba. Gaskiya ne, daga waje. Ruwan ta famfo ya shiga. Iskar damina a bakin Binuwai, a digiri 30 da laima mai yawa, tana ɗauke da kusan giram 24 na ruwa a kowace mita kubik. Don a ɗaga wannan tukunya daga 120 zuwa 200 sai an tura mata iskar waje fiye da lita 14, wato kamar sulusin giram na ruwa a kowace cika. Tukunyar ba ta iya riƙe ko kashi biyu cikin ɗari na wannan a matsayin tururi, sauran dole ya zama ruwa a wani wuri. In ana buga famfo a hankali, ana tsayawa ya huce, ana buɗe notin sakin iska da ke gindinsa da sauri, yawancin ruwan a nan yake fita, har ana ganin feshinsa. In an buga a guje famfo na zafi, tururin ya wuce ciki, sai ya huce a tukunya ya kwanta. Cika ɗari a damina ɗaya ruwa ne da ya fi cokali biyu na cin abinci, ko kashi ɗaya cikin goma ne ya shige ya isa ya yi aikinsa. Ga kuma iskar oksijin da aka matse sau ɗari biyu tana zaune a kan ƙarfe mai danshi.

Na ce wa Alhaji tukunyar ta gama aiki. Bai ji daɗi ba.

"Malam, ba a kankare ta a shafa mai?"

"Ranka ya daɗe, tsatsar sama ana gogewa. Rami kuwa ƙarfe ne ya tafi, ba ya dawowa. Kuma wannan ta sha matsin da ya wuce nata watanni. A Garwa ba ni da inda zan gwada ta da ruwa in ce maka ta tsira. Fuskar Baba ce ke kanta kowane dare."

Masu ƙera bindigogin gasa a Jamus da Ostiriya suna buga ranar ƙira a jikin tukunya, su ce a ajiye ta bayan shekara goma ko da ba a ga komai ba. Tasu ke nan da ake cikawa da busasshiyar iska. Tamu da ta sha damina biyu da famfon hannu ba ta da hujjar neman alfarma.

Ana cikin wannan magana Baba ya kawo shawarar da na san za ta zo, domin na sha jin ta. Ya ce bugun famfo na karya masa baya, ga mai walda nan kusa da babbar tukunya, me zai hana a riƙa ɗiba a can? Tukunyar mai walda oksijin ce zalla. Oksijin a bar 150 ko 200 in ya taɓa giris, ko roba, ko ɗan man da ya rage a bawul, wuta ce ke tashi a cikin ƙarfe rufaffe, kuma mutane sun rasa hannu da rai a kan haka. Na faɗa masa a gaban Alhaji da yaron sito don kowa ya ji: ko da wasa kada a kai ta wurin mai walda. Naitirojin da muke gwada yoyon firij da shi ba ya kama wuta kuma busasshe ne, ana iya cika bindiga da shi in akwai kan cikawa da ya dace da agogo mai kyau. Amma a kasuwa ana sake wa tukwane fenti, ana zuba wani abu a tukunyar wani. Wanda ba sana'arsa ba ce ya tsaya a kan famfo.

Sabuwar tukunya da lissafinta

An yi sa'a tukunyar wannan ƙira kwancewa take yi da bawul ɗinta, ba sai an taɓa sauran bindigar ba. Alhaji ya sa aka kawo sabuwa ta hannun wani ɗan kasuwa a Duwala, tare da robobi da toshiyar ramin cikawa. Na wanke famfon, na canza robobinsa, na sa masa matatar shan laima a inda yake jan iska.

Sannan muka yi abin da ya kamata a yi tun ranar da aka sayi bindigar. Muka cika 200 da agogon famfo, domin ƙaramin agogon da ke jikin bindiga yakan yi kuskuren bar goma ba wanda ya sani. Muka bar ta ta huce, muka ƙara ɗan abin da ya ragu. Harsashi iri ɗaya daga gwangwani ɗaya, mai nauyin giram 1.03, an tsince masu lanƙwasasshen gindi. Baba yakan haɗa ragowar gwangwanaye daban-daban a aljihu, wannan kaɗai yana warwatsa harbi ko da bindiga lafiya take. Muka yi ta harbi ɗaya bayan ɗaya ana rubuta gudu da matsi.

Biyar na farko sun ɗan yi sanyi, ƙasa da 250. Daga bar 190 gudun ya haura 250, ya hau a hankali ya kai wajen 260 a tsakanin 160 da 150, ya fara gangarowa, ya koma 250 a bar 120. Daga nan sai ya zube da sauri, ƙara na ƙaruwa ƙarfi na raguwa. Tsakanin 190 da 120 harbi 35 ne, bambancinsu bai wuce mita 10 a daƙiƙa ba, wanda a mita 30 bai kai santimita ɗaya ba. Ƙarfin kowanne kusan jul 35, jul kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin bugun harsashi. Lissafin ya yi daidai da na takarda: bar 70 sau 180 ya ba da iskar waje lita 12.6, a raba wa harbi 35, kowanne ya ci kamar sulusin lita.

Wanda ba shi da na'urar auna gudu zai iya gano tsakanin bindigarsa da kwali. Ya kafa ta a kan buhun yashi, ya ja layi a kwance a mita 30, ya riƙa harbi yana matsawa gefe kaɗan-kaɗan yana rubuta matsi. Ramukan za su hau, su miƙe, su sauka. Inda suka miƙe nan ne wurin aikinsa.

Dokar da muka bar wa Baba gajeriya ce, an rubuta ta a bangon da yaro ke sa alli. A cika 190, a bar ta ta huce, a duba a ƙara. Gida uku, harbi talatin, sai a koma famfo ko da allura na cewa da saura. Daga 130 zuwa 190 bugun bai kai ɗari ba, a raba shi biyu a huta a tsakani, bayansa ma ya samu sauƙi, tunda bugun da ke sama da 200 shi ne mai karya mutum. A ajiye ta ƙasa a inuwa, ba kusa da kwano ba. Kada a bar ta fanko, matsin ne ke riƙe robobi da bawul a mazauninsu.

Na ƙara abu ɗaya da ba a tambaye ni ba. Harsashin darma ne, darma kuwa guba ce, kuma dalilin sayen bindigar shi ne a nisanta guba daga hatsi. Harbi ta wajen buhuna bai dace ba. Aka kafa katako mai kauri a jikin bangon ƙarshe, nesa da kaya, ana zuba ɗan ƙuli-ƙuli a gabansa. Gafiya ta zo nan a harbe ta nan, da safe a share darmar a tara a gwangwani. Wannan ya kuma tsayar da nisan harbi wuri ɗaya, saiti ya daina canzawa.

Tambayar regileta

Ɗan kasuwar da ya kawo tukunya ya kwaɗaitar da Alhaji da wata bindiga mai regileta da ake cikawa bar 300. Ya tambaye ni ko ita ce maganin duk wannan.

Regileta abu ne mai kyau. Yana zama tsakanin tukunya da bawul, ya riƙa sako iska zuwa wani ɗan ɗaki a matsi ɗaya, a ce bar 120, ko tukunya na da 250 ko 130. Guduma kullum nauyi ɗaya take tararwa, gudun harsashi ya miƙe tun daga harbin farko har matsin tukunya ya sauko daidai da na regileta. Da bindigar Baba na da shi, da raunin harbin bazara bai faru ba. Amma da yoyon ya faru, da tsatsar ta faru, kuma da cikawa fiye da iyaka ta ci gaba ba tare da wata alama da za ta tona ta ba. Raunin harbin nan shi ya sa aka kira ni. Regileta kuma ƙarin robobi ne da ƙananan faifan sifirin da mazauni mai laushi, in datti ya hau shi sai matsin ɗakin ya riƙa hawa a hankali in bindiga ta zauna, harbin farko ya bambanta da na biyu. A garin da roba ɗaya sai an aika Duwala, wannan abin dubawa ne.

Bar 300 ɗin ma ba ya ba da abin da lambar ke nunawa. Sama da 200 iska na ƙin matsuwa, abin da ke cikin tukunya a 300 ya gaza lissafi da kusan kashi goma cikin ɗari, kuma da famfon hannu dattijo ba zai kai can ba sai da wahalar da za ta sa ya sake tunanin mai walda. Ga wanda ke gasa, ko mai harbi a mita 50 zuwa sama, regileta ya cancanci kuɗinsa. Ga gafiya a mita 30 da harbi talatin a dare, na ce wa Alhaji ya riƙe kuɗinsa ya sayi harsashi mai kyau.

Tsohuwar tukunyar ce ta rage. Yaron sito ya so a ba shi, ya ce akwai mai saye a kasuwa. Daga waje fes take, baƙin fentinta ko ƙwarzane babu, duk wanda ya gan ta zai biya ya je ya buga mata bar 200. Na nemi izinin Alhaji, na cire bawul ɗin, na huda jikinta da dirila wuri biyu, sannan na ba yaron ya kai wa masu sayen ƙarfe a kilo.